Na Ce Masa Hagu

Masu karatu, yau ba ni da bakin wasa. Waɗanda suka saba leƙowa don su ji ina tsokanar Anti Ndinda da hular cocinta, ku yi haƙuri. Abin da zan faɗa muku ni na aikata shi da yatsana, kuma tun ranar Talata ruwan shayi kaɗai ke wucewa ta maƙogwarona.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Syombua, shekarata talatin da ɗaya, aikina kashe injin jirgi. Kada ku zabura, ba a sama nake kashewa ba. A wani gini da ke bayan filin jirgin Wilson a Nairobi muna da ƙaton akwati a kan ƙafafun ƙarfe shida, cikinsa sak mazaunin matuƙin jirgi mai farfela biyu. Mutum ya shiga a rufe ƙofa, akwatin ya yi ruri, ya girgiza, ya karkata, har ya manta a ƙasa yake. Ni kuma ina kujerar baya da allona. Idan lokaci ya yi sai in danna, inji ɗaya ya mutu, mu ga abin da zai yi. Da can ni ma matuƙiya ce, sai likita ya gano ciwon sukari a jinina aka karɓe takardar lafiyata. Wannan kujerar bayan ita ce kaɗai abin da ya rage mini na jirgi.

Abu ɗaya nake so ku riƙe. Idan inji ya mutu, hancin jirgi yakan fizga zuwa gefen da ya mutu, sai matuƙi ya taka fedar ɗaya gefen da ƙarfi don ya miƙar da shi. To ƙafar da ta zauna ba aiki, gefenta ne injin ya mutu. Kyaftin Wekesa, tsohon da ke yi wa matuƙa jarrabawa a wurinmu, ya faɗa mana wannan har ya zame mana kamar addu'ar cin abinci.

"Ku tambayi ƙafarku," in ji shi, "ita ba ta ƙarya. Sannan ku danne hannunku ku ƙirga uku. Ɗaya, biyu, uku. Wanda ya yi gaggawa shi ke kashe injin da ke da rai."

Sai kuma Nzioka. Shi ne wanda danginsa za su zo gidanmu a Machakos ranar Asabar da awakin neman aure guda uku da muke kira ntheo, waɗanda idan aka yanka bunsurun jininsa ya taɓa ƙasar gidanmu, na zama tasu. Dogo ne, marar yawan magana, kullum da alewar na'ana'a a aljihun rigarsa. Marasa lafiya yake ɗaukowa daga garuruwan Lodwar da Marsabit, shi kaɗai a gaba. Wata uku da suka wuce ya faɗi jarrabawar akwati, ya ruɗe jirgin ya kufce masa. Dokar kamfaninsu kuwa a bayyane take: wanda ya faɗi sau biyu a jere, ya sauka daga kujera.

A wurin aiki babu wanda ya san tsakaninmu. Mama ta ce ba a tallar aure kafin akuya ta shigo gida, ni ma sai na fake da maganarta. Na san ya kamata in je ofis in ce a cire ni daga jarrabawarsa. Ban je ba.

Wata ukun nan yana zuwa atisaye duk Alhamis, ni ce a bayansa. Ya gyaru, Allah ya sani ya gyaru. Cikin goma yakan yi takwas tsaf, kamar an zana. Amma sauran biyun nan, ni kaɗai nake ganin yadda wuyansa ke jiƙewa da gumi, hannunsa na rawa a kan mariƙin da ake ja a kashe inji. Ban taɓa gaya masa ina ƙirgawa ba.

Ranar Lahadi bayan coci na je Machakos na tarar da Mama a tsakar gida ta baza masarar muthokoi, abincin da za a dafa wa baƙin Asabar, a kan buhu tana tsince tsakuwa. Ta ɗaura zanen leso mai ruwan goro a kan rigar cocinta, tabarau a ƙarshen hanci. An yi wa bangon falo sabon farin fenti, har warinsa na shiga ido. Anti Ndinda, yayar Mama, tana kan kujerar roba da ɗinkina a cinya, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, tana cizge zare da haƙori.

"Zo nan, amarya, juya in gani. Kai! Yarinyar nan kin rame. Me kuke ci ne a Nairobi, iska?"

"Anti, aiki ne."

"Aikin danna maɓalli? Ni da nake noma ban rame ba."

Mama ba ta yi dariya ba. Ba ta ma ɗago ba ta ce, "Talata ce jarrabawar tasa ko?"

"Eh, Mama."

"Kawunki Mutiso ya zo jiya. Ya ce shi ba zai zauna a gaban dattawa ya karɓi akuya daga hannun wanda aka sallama daga aiki ba. Ya ce in ta ɓaci sai a ɗaga."

"A ɗaga zuwa yaushe?"

"Ni kike tambaya?" Sai a lokacin ta dube ni ta saman tabarau. "Shekara bakwai ina zuwa bikin 'ya'yan mutane da kwandona a baya. Na gayyaci matan ƙungiyar coci kaf. Syombua, ke ce fa mai dannawa."

"Mama, ba haka abin yake ba. Kyaftin ne ke rubuta wanda za a kashe."

"Amma kina gani kafin a shiga?"

Na mayar da idona kan masarar. Anti Ndinda ta tafa hannu. "Ka ji! Tana gani. To miye a ciki? Wasan yara ne fa, akwati ne a ƙasa. Wa zai mutu a cikin akwati? Ki ɗan raɗa masa mana, ko mijin wata ne?"

"Anti, don kada a mutu a sama ake shiga akwatin."

"Iyye, sannu malama. Ki yi ta wa'azi har ki kai arba'in."

Mama ta tattara masarar ta zuba a kwano. A hankali ta ce, "Ban taɓa roƙon ki komai ba tun rasuwar babanki. Ki duba ni."

Masu karatu, da zagina ta yi da na iya tsayawa. Wannan "ki duba ni" ɗin ita ta biyo ni cikin motar haya ta matatu har Nairobi. Amma kada in ɗora wa Mama duka. A zuciyata akwai waɗancan biyun cikin goma, suna zaune tun kafin ta buɗe baki.

Litinin da la'asar Kyaftin Wekesa ya miƙo mini takardar don in shigar cikin na'ura. Layi na huɗu da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: injin hagu, da zarar taya ta bar ƙasa. Na shigar, na kulle takardar a durowa, na tafi banɗaki na tsaya gaban madubi da waya a hannu. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. A karo na uku na tura.

*Hagu. Da zarar ka tashi.*

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa. Minti shida ina tsaye.

*Ban tambaye ki ba, Syombua.*

*Na sani. Ka goge kawai.*

*Na goge daga waya. Ta ina zan goge daga kaina?*

Na kira shi bai ɗauka ba. Na tura masa hoton zuciya, wai ni mai lallashi. Bai amsa ba.

Talata ƙarfe tara ya iso cikin farar riga mai guga, igiyoyin kafaɗarsa huɗu suna ƙyalli, takalminsa kamar madubi. Ya gai da Kyaftin da hannu biyu. Ni kuwa ya ce mini, "Ina kwana, Madam," kamar yadda yake yi a gaban mutane, sai dai ranar bai haɗa ido da ni ba. Muka hau matakala muka shiga, aka ja gadar shiga, ƙofa ta rufe.

Ya bi jerin dubawarsa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa daram. Injina biyu suka tashi, akwatin ya ɗauki kaɗawa. A gilashin gaba ga titin jirgi shimfiɗe, ga ciyawar gandun daji can nesa. Kyaftin Wekesa yana kujerar da ke gefena, ya harɗe hannu a kan tumbinsa, ido rabi a rufe kamar mai gyangyaɗi. Duk wanda ya san shi ya san a lokacin ne ya fi gani.

Nzioka ya tura mai, jirgi ya fara gudu. Ni ma sai na ga abin da tsohon ya gani: gwiwar Nzioka ta dama ta ɗaure, ƙafar ta riga ta kwanta a kan feda tana jira, alhali babu abin da ya faru tukuna. Mai jiran mutuwar injin hagu ne kaɗai ke shirya ƙafar dama.

Kyaftin ya miƙo yatsa ba tare da ya ce uffan ba, ya ƙwanƙwasa allona a kan injin dama.

Na dube shi. Ya dube ni. Shekara huɗu ina aiki da shi, sau biyu kacal na ga ya canza abin da ya rubuta. Ina iya yin tari, ina iya cewa na'ura ta maƙale, duk sun zo mini a rai. Taya ta bar ƙasa, na danna dama.

Hancin jirgin ya fizga dama. Ƙafar Nzioka da ke jira ta taka dama, ta ƙara masa, akwatin ya kwanta gefe har kafaɗata ta bugi bango. Nan take jikinsa ya gane, ya sauya, ya danna hagu da dukkan ƙarfinsa, jirgin ya fara miƙewa. Na ce a raina, yawwa, tambayi ƙafarka, don Allah tambayi ƙafarka. Ƙafar hagu na aiki, ta dama na zaune. Amsar tana jikinsa.

Bai ƙirga ba. Ko ɗaya bai ce ba.

"Injin hagu ya mutu," ya faɗa da ƙarfi, hannunsa ya kai kan mariƙin injin hagu ya ja shi baya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Rurin da ya rage ya sauka, ya sauka, ya ɗauke. Sai iska da kukan ƙararrawa. Na ji ya ce "A'a, a'a," yana ƙoƙarin mayar da mariƙin, amma a wannan tsayin babu lokacin tayar da inji. Ciyawar ta taso ta cika gilashi. Akwatin ya yi tsalle ɗaya, allon gaba ya koma ja.

Babu wanda ya motsa. Ƙafafun ƙarfen suka sauke mu a hankali suna huci. Nzioka ya cire abin kunnensa ya ɗora a cinya, yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne aka ba shi aro.

A ɗakin bayani akwai tebur ɗaya da kujeru uku da fulas ɗin shayin Kyaftin. Ya zuba wa kansa, ya sa sukari cokali biyu, ya juya ya juya. Sannan ya kunna hoton abin da ya faru ya tsayar a daidai wurin.

"Kyaftin Nzioka, wace ƙafa ke aiki a nan?"

"Hagu, Kyaftin."

"Wacce ke zaune?"

"Dama."

"To wane inji ne ya mutu?"

"Dama."

"Ɗana, ka sani. Ƙafarka ta sani. Me ya kai hannunka hagu?" Ya mayar da hoton baya kaɗan. "Bar wannan ma. Dubi gwiwarka a nan, muna ƙasa, injina biyu lafiya lau. Wa kake jira?"

Nzioka ya haɗiye yawu. "Tsammani na yi."

"Tsammani."

"Eh, Kyaftin. Wancan karon dama aka kashe mini, sai na ɗauka yau hagu ne. Kuskurena ne, ni kaɗai."

Ƙarya yake yi, kuma bai iya ta ba, kunnuwansa har rawa suke. Saboda ni yake yin ta. Mutumin da ko canjin mai kanti ya yi yawa sai ya koma ya mayar.

Kyaftin ya jawo fom ɗin ya cire murfin biro. "Shekarata talatin da takwas a wannan aiki. Na binne abokai biyu da suka kashe inji mai rai, ɗayansu da mutum goma sha ɗaya a bayansa. Idan tsammani ne, zan rubuta ka kasa gane injin da ya mutu, karo na biyu ke nan, ka san abin da ke biye. Idan kuma wani abu ne ya ɓata jarrabawar daga ɓangarenmu, to ba a yi jarrabawa ba, sai a sake." Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. "Mutum biyu ne suka ga takardar nan, ni kuwa na san ban yi magana da kowa ba."

"Kyaftin, na ce ni ne," in ji Nzioka. "Ka rubuta."

Bakin biron ya taɓa takarda.

Masu karatu, ina so in ce muku jarumta ce ta tashe ni, amma ba ita ba ce. Kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya ji fatarsa ta yi masa ƙunci. Na tuna kujerar bayan nan, na tuna ranar da likita ya ce ba zan ƙara tashi ba, na tuna yadda na yi kuka a ranar da aka ba ni wannan aikin. Na buɗe jaka, na fito da waya, na nemo saƙon da ban goge ba, na tura ta gaban Kyaftin.

"Ni ce. Bai tambaye ni ba, ga amsarsa nan a ƙasa. Shi ne zai aure ni, ban kuma faɗa a ofis ba."

"Syombua!" Karo na farko ke nan da Nzioka ya kira sunana a cikin ginin nan.

Kyaftin ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Yana riƙe da wayar sai ta yi ƙara, saƙo ya faɗo a saman allo, manyan baƙaƙe yadda Mama ke rubutu: *YA CI? KIN YI ABIN DA NA CE?* Dukkanmu uku muka gani. Tsohon ya kife wayar a hankali ya turo mini.

"'Yata," ya ce, muryarsa ta dushe, "kin san me kika yi? Ba taimakonsa kika yi ba. Kin sa masa wata murya a kai wadda ta fi ƙafarsa ƙarfi. Da ban ga gwiwar nan ba, da ya ci, da na sa hannu, da Litinin ya ɗauko mai naƙuda daga Lodwar ba tare da ni ko ke mun san abin da zai yi in ta faru da gaske ba." Ya miƙo tafin hannunsa. "Katin ƙofa."

Na cire shi daga wuyana na ba shi. Igiyar ta maƙale a kitsona sai da na fizge.

Ya juya ga Nzioka. "Kai ma da ka zo ka gaya mini da safe. Zan rubuta hakan, za su ja maka kunne. Jarrabawa kuma Juma'a ƙarfe tara, da wani a kujerar baya. Ku tafi."

A barandar waje rana ta take, wani ƙaramin jirgi na tashi a kan rufin. Nzioka ya yi gaba, na bi shi da sauri, takalmina na ƙwas-ƙwas. A bakin matakala ya tsaya.

"Nzioka, ka yi haƙuri. Mama ce ta matsa, da maganar Kawu, da awakin…"

"Bar Mama." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Mama ba ta san feda ba, ba ta san mariƙi ba. Ke kika zauna a bayana wata uku. Ke kika ga komai. Da kin yarda zan iya, ko Mama ta kwana tana kuka ba za ki tura ba."

"Tsoro na ji."

"Na sani. Tsoron me?"

Ya ciro alewar na'ana'a daga aljihu, ya juya ta a hannu, ya mayar.

"Kin ba da aikinki saboda ni, na gani, ba zan manta ba har in mutu. Amma zan tambaye ki abu ɗaya, ki amsa mini a matsayin matuƙiya, ba wadda za a kai wa akuya ba." Sai yanzu ya dube ni sosai, idanunsa sun yi ja. "A ce Mama ce ba lafiya a Marsabit. Jirgi biyu a ƙasa, nawa da na wani. Wanne za ki sa ta?"

Amsar tana bakina, wallahi tana bakina. Naka, Nzioka, naka mana. Amma waɗancan biyun cikin goma suka taso mini, na ga gumin nan, na ga hannun nan na rawa.

Na ga leɓensa na motsi a hankali. Ƙirgawa yake yi, yadda aka koya mana. Abin da bai yi a cikin akwati ba, ni ya yi wa. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya gyaɗa kai, ya sauka matakalar.

"Naka!" na ce, amma ya riga ya kai ƙasa, kuma jirgin da ke wucewa ya haɗiye muryata.

Yau Alhamis. Ina zaune a ɗakina a unguwar South B da atamfar nan shuɗiya rataye a bayan ƙofa, Anti Ndinda ta aiko da ita jiya. Mama ta kira sau goma sha huɗu, ta jiƙa masara, ta karɓo kujerun coci. Ban gaya mata an karɓi katina ba. Gobe ƙarfe tara zai shiga akwatin, ni kuma ba ni da izinin wuce ko bakin ƙofa. Na tura masa saƙo ɗaya tak da safe, na ce ya tambayi ƙafarsa. Ya karanta. Ɗazu amsar ta shigo, kuma tun lokacin nake riƙe da wayar:

*Ita na yarda da ita. Ko na ci gobe, ki ce wa Mama kada ta ɗora tukunya tukuna.*